Magulmaciya Ta Rufe Idonta

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ya tumbatsa, da kuma sallamawa ga abin da ba makawa, ake sanar da 'yan uwa, maƙwabta, abokan aiki, da duk wanda aka taɓa ɗaukar hotonsa bai sani ba a cikin garin nan, rasuwar kyamarar Mai Mita, wadda aka fi sani da Magulmaciya. Rai ya yi halinsa ranar Laraba da hantsi a kan teburin Mai Agogo, tana da shekara talatin da huɗu a hannun maigidanta, ban da waɗanda ta yi a hannun wanda ya sayar masa da ita, wanda ya rantse cewa sabuwa ce dal. Ta rasu da fim a cikinta. A cikin fim ɗin nan kuma akwai hoto na ashirin da biyu, hoto ɗaya tak da Mai Mita ya taɓa yi wa matarsa kafin Allah Ya karɓi abarsa. Saboda shi ne wannan sanarwa ta yi tsawo, don haka mai gaggawa ya yi haƙuri ya nemi wuri ya zauna.

Wanda bai san Mai Mita ba, to bai taɓa samun famfo a gidansa ba. Shi ne dogon mutumin nan mai ɗan ranƙwafawa da ya yi shekaru yana bin gida-gida yana karanta mitar ruwa, yana ɗaga murfin ƙarfe yana leƙa rami, karnuka suna binsa da haushi. Aikin ne ya kai shi kowane lungu, marigayiyar kuma tana rataye a wuyansa duk inda ya sa ƙafa. Bai taɓa zama mai hoto na sana'a ba. In aka ce ya zo taron biki ya ɗauka, sai ciwon kai ya kama shi nan take. Dokokinsa biyu ne, kuma ya riƙe su da haƙori. Ta farko, ba ya ɗaukar mutumin da ya san ana ɗaukarsa. "Mutum in ya san ana kallonsa," in ji shi, "sai ya ajiye fuskarsa ya aro ta maƙwabci." Ta biyu, ba a fitar da fim daga ciki sai ya cika talatin da shida cif, ko da zai kai wata biyar.

Marigayiyar ta kasance mai haƙuri, mai kamun kai, mai ƙarancin magana. Kalmarta ɗaya ce a duniya: ƙyas. In aka ja hannunta don a matsar da fim sai ta ƙara da ɗan gurnani, ƙirrr, shi ke nan ta yi shiru. Ba ta taɓa neman caji ba. Ba ta taɓa yin ƙara a cikin taro ta kunyata mai ita ba. Baƙi da fari kawai take gani, amma a cikinsu ta ga abin da masu ido biyu suka wuce ba su lura ba. Ta ga matan da suke share babban titi da sassafe sun jingina tsintsiyoyinsu a jikin fitilar hanya suna raba burodi ɗaya su huɗu. Ta ga mai ba da hannu a mahaɗar hanya ya yi hamma da usur a bakinsa, motoci suka tsaya cak. Ta ga mai aski yana barci a kujerar masu aski, almakashi a kan cikinsa. Ta ga wasu leburori biyu sun ɗauko ƙaton madubi suna tsallaka titi da shi, duk unguwar tana tafiya a tsakaninsu. Ƙofar asibiti kuwa ta ɗauke ta ya fi sau ɗari, da mutanen da ke tsaye riƙe da filas da matashin kai suna jiran a buɗe. Tsohon gidan sinima ta ɗauke shi yana tsaye, ta ɗauke shi ana rushe shi, ta ɗauki wani tsoho da ya zo washegari ya tsaya yana kallon filin hannuwansa a baya.

Wannan son sanin sirrin mutane ne ya jawo mata suna. Matar Mai Mita ce ta raɗa mata, wadda unguwa ta sani da Anti Tela, don kekenta na ɗinki da ke bakin tagar falo ba ya hutawa. Ranar da ya fara baje mata hotuna a kan tabarma, ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Maigida, wannan abar taka ai magulmaciya ce. Bawan Allah yana sosa ƙeyarsa a tasha, ita ina ruwanta?" Sunan ya bi ta har kabari.

Sai dai duk gulmar marigayiyar, akwai mutum ɗaya da ta gagare ta, ita ce Anti Tela ɗin. Matar nan Allah Ya ba ta kunne. Mai Mita zai cire takalmi tun daga tsakar gida, ya sanɗo, ya laɓe a bayan labule, kekenta yana ta ƙara kamar injin niƙa, ya ɗaga kyamara ya sa ido. Kafin yatsansa ya taɓa madanni sai ta ce, ba tare da ta ko waiwayo ba, "Na ji ka. In za ka danna kana riƙe numfashi, gidan sai ya yi tsit." Ta sani ke nan, doka kuma ta hana, sai ya sauke hannu ya koma yana ƙunƙuni. Ya gwada ta taga. Ya gwada daga kan katangar maƙwabci har ya yage wando. Ya taɓa yin sallama ya fita aiki ya zagayo ta ƙofar baya, ya tarar ta ajiye masa kofin shayi a kan dakalin ƙofar bayan. Shekara talatin da ɗaya suna wannan wasa, bai ci ko sau ɗaya ba.

Kada a ce babu hotonta sam. Akwai na katin shaida, wanda hatimi ya danne mata haɓa. Akwai na bikin 'yarsu tilo, ma'aikaciyar jinya da kowa ke kira Nas, inda ta tsaya ƙiƙam ta haɗe rai kamar an zo karɓar keken. Mai Mita ya ce waɗannan ba matarsa ba ce. Fuskar da yake nema ita ce wadda take yi in tana sa zare a allura, ta ɗan lumshe ido ɗaya, bakin harshenta a tsakanin haƙora. Wannan fuskar babu wanda ya santa sai shi.

Wata safiya a farkon bara, bayan ciwo ya fara cin Anti Tela, ya fito daga ɗaki ya gan ta zaune a bakin taga. Keken shiru, don ƙafarta ta daina iya taka shi. Tana riƙe da allura da zare tana ta ƙoƙari, hasken safiya ya sauka a gefen fuskarta. Ya ɗauko marigayiyar daga ƙusa. Ya sa ido. Ya riƙe numfashi. Ba ta ce komai ba.

Ƙyas.

Ranar nan Mai Mita ya fita aiki yana tafiya kamar saurayi. Ya gaya wa mai aski, ya gaya wa mai gadin banki, har karen da ya saba cizonsa sai da ya yi wa murmushi. Ya ci Anti Tela wasa! Sai da ya kai gida na tara, yana durƙushe a kan ramin mita, sannan abin ya faɗo masa: matar da take jin numfashinsa a cikin ƙarar keke, yau keken shiru amma ba ta ji shi ba. Ya daɗe a durƙushe har matar gidan ta leƙo ta tambaye shi ko mitar ce ta lalace. Bayan sati bakwai Anti Tela ta riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙanta Ya sa ta huta. Ita sanarwar rasuwarta layi uku ce, ƙaninta ne ya rubuta, don a lokacin Mai Mita ko alƙalami ba ya iya riƙewa. Tun daga nan abu ɗaya ke cin ransa dare da rana: ya yi murna a ranar da ya kamata ya yi kuka.

Wata goma marigayiyar tana rataye a ƙusa, lambarta a tsaye a kan ashirin da biyu. Nas ta gaji da kallonsu su biyu, shi a kujera, ita a bango.

"Baba, don Allah ka naɗe fim ɗin nan ka ba ni in kai a wanke. Ni ma fa ina son in ga Mama."

"Saura goma sha huɗu."

"To ka danna su a nan, ka ɗauki bango, ka ɗauki fanka, ka ɗauke ni."

"Ke kin sani ai. Kuma ba a ɓata fim a kan fanka."

"Baba, wannan taurin kan naka wata rana..."

Ba ta ƙarasa ba, don tarbiyya ta hana. Amma mu masu wannan sanarwa ba 'ya'yansa ba ne, za mu ƙarasa mata: taurin kai ne, tsagwaronsa. Da ya juya ɗan hannun naɗi na minti ɗaya, da ba a kai ga wannan takarda ba. Sai dai wanda ya zauna da shi ya san ba dokar kaɗai ba ce. Tsoro yake ji. Muddin fim ɗin yana ciki, Anti Tela tana nan zaune a bakin taga tana fama da allura, ba ta gama ba.

Ciwon ajalin marigayiyar ya same ta ne a bakin aiki, kamar yadda ya dace da irinta. Ranar Litinin Mai Mita ya tashi ya ce zai cike fim. Ya rataya ta ya fita, garin kuma kamar ya san da zuwansu ya yi ta ba su abin kallo. Ta ɗauki wata mata ta saka wa jaririnta hular leda don yayyafi. Ta ɗauki mai gyaran takalmi yana ɗinke nasa takalmin, ƙafarsa ɗaya tsirara. Ta ɗauki layin masu jiran bas sun ɗaga kai gaba ɗaya suna duban hadari. Ta kai talatin da ɗaya, saura biyar. Sai ruwa ya ɓarke, bas ta iso, jama'a suka yi ca a kanta. Wani ya bangaje shi da kafaɗa, igiyar da ta yi shekara talatin da huɗu tana shan gumin wuyansa ta tsinke. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Marigayiyar ta daki gefen kwalbati ta ce ƙwal, wata kalma da ba a taɓa ji daga bakinta ba, murfin bayanta ya ɗan buɗe, haske ya leƙa. Mai Mita ya faɗa kanta da gwiwoyinsa a cikin ruwan kwata ya danne murfin da hannu biyu. A haka ya tako har gida a ƙasa, yana rungume da ita a cikin riga, bai yarda ya saki ba ko don ya share ruwan fuskarsa.

Kwana biyu tana jinya a wurin Mai Agogo, wanda ke da ɗan teburi a ƙarƙashin matattakalar wani tsohon bene, wanda kuma shi ne likitanta tun tana da ƙuruciya. Ya ɗaure murfin da roba. Ya maƙala gilashinsa a ido, ya leƙa ta gaba, ya saurara, ya taɓa hannunta, ya ƙi motsi. Ranar Laraba da hantsi ya cire gilashin ya ajiye a hankali.

"Mutumina, labulen cikinta ya yage. Masu yin irinsa sun daɗe da mutuwa. Sai haƙuri."

"Fim ɗin fa?"

"Ni agogo na sani. Abin da ke ciki sai Sarkin Duhu, in yana gani har yanzu."

Marigayiyar ta bar maigidanta, da Nas, da kwalayen takalmi goma sha bakwai cike da hotuna a ƙarƙashin gado. Ta bar yayanta rediyo, wanda tun bara shi ma sai an mare shi yake magana. Ta bar abokin tafiyarta mai ƙafa uku da ake kafa ta a kai, wanda ƙafarsa ɗaya ke ɗaure da ƙyallen atamfa. Murfin idonta ya riga ta tafiya shekara ashirin da suka wuce, a cikin wata bas, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Akwai kuma wata wayar hannu da Nas ta kawo gidan, mai ɗaukar hoto dubu a yini ba ta tuna ko ɗaya, wadda ke iƙirarin dangantaka da marigayiyar. Iyalai ba su amince da wannan iƙirari ba.

Sarkin Duhu shi ne tsohon da ya wanke wa Mai Mita kowane fim tun na farko. Shagonsa yanzu rigunan waya ake sayarwa a ciki, shi kuma yana gida yana kiwon tantabaru. Da aka kai masa gawar da azahar, ya juya ta a hannunsa ya yi tsaki.

"Kai da dokokinka. Sau nawa na ce maka fim ba tukunya ba ce da sai ta cika? Sauran maganin da nake da shi na wanki ɗaya ne. In ya ƙi, ya ƙi."

Ya shiga banɗakinsa da ita, aka toshe ƙasan ƙofa da bargo, aka rufe 'yar tagar da kwali. Mai Mita ya zauna a kan bokiti a tsakar gida, Nas tana tsaye a kansa da kayan aikinta, don daga asibiti ta taho. Tantabaru suna ta kai-kawo. Daga ciki ana jin ƙarar ruwa da tarin tsoho. A haka har aka yi la'asar.

Da ya fito, ya ɗaga fim ɗin sama yana ɗiga, yana bi da yatsa. Matar mai hular leda ta tafi. Mai gyaran takalmi ya tafi. Masu jiran bas, duk haske ya cinye su, sun zama baƙi ƙirin. Talatin da ɗaya har zuwa ashirin da huɗu babu komai. Ashirin da uku rabi. Yatsansa ya tsaya, ya matso da fim ɗin kusa da idonsa, ya daɗe. Ya koma ciki ya sake rufe ƙofa. Mai Mita ya sha jinin jikinsa. Nas ta dafa kafaɗarsa.

Takardar da Sarkin Duhu ya fito da ita tana da danshi, ya riƙo ta ta gefe. Haske ya ci tagar, ya ci keken, ya ci labulen da rabin ɗankwalinta. Abin da ya rage a tsakiya shi ne hannuwa biyu, allura, zare, da fuska. Amma ba allurar take kallo ba. Ta ɗago ido tana kallon kyamara kai tsaye, gefen bakinta ya ɗan motsa, irin na wanda ke danne dariya.

"Ba haka na ɗauka ba," in ji Mai Mita. "Wallahi allura take kallo. Da idona na gani."

"Ka gani kafin ka danna," in ji Sarkin Duhu. "Shekara nawa kana wannan abu? In ka danna, madubin ciki ɗagawa yake, idonka ya ga duhu na ƙiftawa ɗaya. Mai hoto bai taɓa ganin abin da ya ɗauka ba. A cikin ƙiftawar nan ta ɗago ta dube ka, ta mayar da kanta. Matar nan ta san kana wurin, mutumina. Ƙyale ka ta yi."

Nas ta toshe bakinta da mayafi ta juya baya. Mai Mita ya karɓi takardar da hannu biyu. Wata goma bai yi kuka a gaban kowa ba, ko ranar da aka kai Anti Tela makwancinta bai yi ba. A tsakar gidan Sarkin Duhu, a kan bokiti, a gaban tantabaru, ya yi shi har da shessheƙa, yana ɗaga hoton sama don kada hawaye ya ɗiga a kai. Bisa dokarsa ta farko wannan hoto ɓatacce ne, don mai shi ta sani. Har yau babu wanda ya yi ƙarfin halin tuna masa, shi ma bai tayar da zancen ba.

Za a yi jana'izar marigayiyar ranar Asabar da ƙarfe goma na safe a gidan maigidanta. Ba za a yi mata salla ba, mun san iyakarmu. Mai Agogo ne zai goge ta, Nas za ta naɗe ta a cikin farin yadin da ya rage a kwandon mahaifiyarta, Sarkin Duhu zai sa ta a aljihun keken ɗinki ya tura ya rufe. Duk wanda yake zargin an taɓa ɗaukarsa yana hamma ko yana sosa ƙeya a titi, ya zo, za a fito da kwalaye, in ya ga kansa ya ɗauka ya tafi da shi, ya kuma yafe mata. Ana roƙon jama'a kada kowa ya ɗaga waya. Kada kuma a kawo wa Mai Mita sabuwar kyamara, an riga an kawo biyu ya mayar.

Masu zuwa ta'aziyya za su ga hoton a jingine a kan keken, a bakin taga. Akwai kujera ɗaya da ke fuskantarsa. Don Allah kada a zauna a kai, kuma in an same shi a zaune bai amsa gaisuwa da wuri ba, a yi masa uzuri a ɗan jira. Ana kallonsa ne, kuma bai saba ba.